Sito Bai Ƙare Ba Sai An Yi Masa Dakali Da Gangare



Akwai wata magana da na daɗe ina so in kawo gabanku, ga shi kuwa ƙungiyoyinmu na gama kai da dama suna shirin gina sito, waɗansu kuma suna gyaran wanda suke da shi. Maganar bakin ƙofar sito ce. Ƙyaure da kwado ba wanda yake mantawa da su, gama kowa yana tsoron ɓarawo. Abin da nake nufi shi ne 'yar tazarar nan da take tsakanin ƙofa da bayan mota, wadda ba ta wuce taki goma ba.

Wata rana bayan girbin rani na tsaya a wani siton ƙungiya wajen Gwadangaji, nan bakin Birnin Kebbi, ana lodin shinkafa shanshera. Sito ne mai kyau, rufin kwano sabo, an shafa fenti har an rubuta sunan ƙungiya da manyan baƙaƙe. An ɗaga daɓensa kamar ƙafa 2 bisa ƙasa saboda ruwa, wannan kuwa daidai ne. Amma a bakin ƙofa bulo aka jera, ɗaya ma ya riga ya fashe. Ɗan dako zai fito da buhu a wuya, ya sauka kan bulon nan, ya taka cikin rairayi, sa'an nan ya hau wani katako da aka jingina wa mota. Watau yana sauka ƙafa 2 domin ya hau ƙafa 4. Hantsi bai gama yi ba sai katako ya goce da wani saurayi. Buhu ya fashe, shi kuwa gwiwarsa ta gurɗe. Ma'aji ya fitar da kuɗin magani daga asusun ƙungiya, ban ga laifinsa ba. Amma yaron nan daminar ta wuce bai iya sunkuyawa a gonar ubansa ba, wannan kuwa ba a rubuta shi cikin littafin ma'aji ba.

Ra'ayina shi ne, duk ƙungiyar da za ta yi lissafin ginin sito, ta sa dakalin lodi da matakala da gangare cikin lissafin tun ranar farko, daidai da rufi. Kada a ce sai kuɗi ya ragu. Ban taɓa ganin ginin da kuɗi ya ragu ba.

Wani zai ce, ai kakanninmu sun yi ta noman shinkafa a fadamar Rima ba su san dakalin siminti ba. Gaskiya ne. Amma su jaki suke yi wa laftu, da raƙumi, da kwalekwale, kayan kuwa kaɗan kaɗan suke fita daga rumbu. Yau abin ya sake. Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Jihar Kebbi cikin Nuwamba 2015, kowa ya ga yadda noman rani ya bunƙasa daga Zauro da Ambursa har Argungu. An buɗe babban injin casa na WACOT a Argungu a 2017, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Masu saye suna zuwa da manyan motoci, suna so a cika musu a rana ɗaya su tafi. Buhun shanshera yakan kai kilo 75, wani ma har 100. Tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara cewa kayan da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai kada ya wuce kilo 55. Mu nan mun wuce wannan da nisa, mun kuma ƙara masa hawan katako.

In akwai dakali wanda tsayinsa ya yi kusa da bayan mota, buhu ba ya bukatar hawa wuyan kowa. A ɗora a baro ko a kura, a tura daga cikin sito har bakin mota, mutum biyu su kama su jefa. Na ji wani yana cewa wannan zai kashe wa 'yan dako kasuwa. Ban yarda ba. Buhu ba ya shirya kansa cikin mota, ladan lodi kuma bisa yawan buhu ake biya. Wanda bai gaji da hawa da sauka ba zai yi lodi fiye da na da, ya koma gida da bayansa lafiya.

Akwai kuma waɗanda ba a tunawa da su sam sa'ad da ake gini. Ku duba littafin sunayen 'yan ƙungiyarku. Za ku tarar da tsohon da gwiwa ta ƙi, da gwauruwar da take kawo shinkafar da ta turara a daro bisa kai, da mace mai ciki, da makaho, da wanda shan inna ya taɓa yana yaro. An bayyana Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta naƙasa suna nan tare da mu, da yawansu kuwa manoma ne, suna biyan kuɗin ƙungiya kamar kowa. Ranar rabon taki sai ka ga irin wannan ɗan'uwa yana zaune kan kekensa cikin rana, ya aiki yaro ya shiga ya sa masa hannu. Ba a gabansa aka auna kayansa ba, bai ga sikeli ba. In an yi masa ƙwange, yaya zai sani? Sitonsa ne, da kuɗinsa aka gina, amma bulo uku sun hana shi shiga.

Hukuma ma ta yi magana a kan wannan. Dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ce gine-ginen da jama'a suke shiga su zama da hanyar da naƙasasshe zai bi, ta kuma ba da shekara 5 a gyara. Wa'adin ya cika a Janairu 2024. Ni dai ba na so mu jira sai wani ma'aikaci ya zo da takarda kafin mu buɗe wa 'yan'uwanmu ƙofa. Wanda ya ji wannan magana ya kuma leƙa matakalar majami'arsu ranar Lahadi, bai yi laifi ba.

To, sai yadda za a yi. A nan nake so in daɗe, gama na ga wuraren da aka kashe kuɗi aka yi gangare, amma gara ma da ba a yi ba. Birkila ya kwaɓa siminti ya manna a jikin matakala, ya miƙe kamar bayan rumbu. Ba mai keken da zai hau shi, baro mai kaya kuwa shi zai ja ka ƙasa.

Ƙa'idar da aka sani ita ce, kowane inci 1 na tsayi yana bukatar inci 12 na tsawo. In daɓen sito ya ɗaga ƙafa 2, gangare zai zama ƙafa 24. Na san za ku ce ya yi tsawo. A kwantar da shi a jikin bango, ya bi tsawon ginin, ba zai ci fili ba. Faɗinsa ya kai ƙafa 4. A bakin ƙofa a bar wuri shimfiɗaɗɗe kamar ƙafa 5, inda mai keke zai tsaya ya juya ba tare da ya gangara da baya ba. In gangaren ya wuce ƙafa 30, a yi irin wannan wurin hutawa a tsakiya. A gefen da ba bango a ɗaga baki kamar inci 4 domin kada ƙafar baro ta zame, a kuma kafa bututun ƙarfe na riƙewa, tsayin ƙafa 3.

Matakala kuwa, babban kuskurenmu shi ne mai da bulo matakala. Tsayin bulo inci 9 ne, ya yi wa mai kaya yawa, balle tsohuwa. Kowane taki ya zama inci 6 a tsayi, inci 12 a faɗin wurin sa ƙafa, duka kuma su zama daidai da juna. Ƙafar mutum takan haddace taki na fari. In na uku ya fi da inci ɗaya, a nan ake faɗuwa, musamman ga wanda buhu ya tare masa gani.

Game da tsayin dakali, kada ku tambayi kowa, ku ɗauki igiya ku auna motocin da suke zuwa muku. A-kori-kura bayanta yana wajen ƙafa 3, babbar mota kuwa ƙafa 4 ko fiye kaɗan. Masu sabon gini za su iya ɗaga daɓen sito ya kai ƙafa 3, dakali ya fito daidai da shi. Wannan jifa ɗaya ce ta sami tsuntsu biyu, gama waɗanda suka ga ambaliyar 2020 a kwarin nan sun san abin da ƙafa ɗaya ta tsayi take yi wa buhun da yake ƙasa. Ku tambayi dattawa inda ruwa ya taɓa kaiwa, ku wuce wurin da ƙafa guda ko fiye. Masu tsohon sito su yi dakali daidai da daɓen da suke da shi, a ƙarshensa su ƙara tudu mai matakala domin babbar mota. Abu ɗaya nake roƙonku, kada ku haƙa rami domin mota ta shiga ta yi daidai da ƙofa. Ruwan fari zai mai da shi kududdufi, danshi kuma ya bi ta ƙarƙashin ginin.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ita ce a bakin ma'aji tun da ya fara karanta wannan. Siminti ya yi tsada, a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, ko da yake ga masana'antarsa a Kalambaina kusa da Sakkwato. Amma dakali ba dunƙulen kankare ba ne. A haƙa harsashi, a ɗaga bango da bulo mai inci 9 a cika ramukansa da kankare, a zuba burji a ciki, inci 6 inci 6, ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa. Wannan aikin gayya ne, matanmu kuwa sun fi mu sanin daɓe. Saman kaɗai ne kankare. Dakali mai ƙafa 12 da ƙafa 8, kaurin inci 6, zai ci wajen buhu 9. Gangare mai ƙafa 24 da ƙafa 4, kaurin inci 4, wajen buhu 6. Ban sa bango da harsashi da rodi cikin wannan ba. Ku gwada shi da kuɗin fenti da allon suna da abincin ranar buɗewa.

Inda ake cutar kai shi ne wajen kwaɓi. Buhun siminti 1, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. In birkila ya ce zai ƙara yashi domin ya taimake ku, ku gode masa ku ƙi. Yashin gulbi kuma wani yana da laka. Ku zuba inci 2 cikin kwalba, ku ƙara ruwa, ku girgiza, ku ajiye ya kwanta. In lakar da ta kwanta a bisa ta wuce kashi 1 cikin 8 na inci, a wanke yashin ko a nemi wani. Lebura yana son kwaɓi mai ruwa ruwa gama ya fi sauƙin zubawa, amma yawan ruwa shi ne yake raunana kankare. A sa rodi ko ragar ƙarfe a tsakiyar kaurin. A bakin dakali, inda mota take dukansa, a binne ƙarfe mai kusurwa irin na masu walda, a rataye tsofaffin tayoyi. Saman ya ɗan karkata waje, kamar inci 1 cikin ƙafa 8, domin ruwan sama ya guje wa ƙofa.

Birkilolinmu suna son su barbaɗa siminti su goge da cokali har wuri ya yi sheƙi, domin a yabi hannunsu. A cikin ɗaki wannan ba laifi. A kan gangare kuwa tarko ne, gama ƙaiƙayin shinkafa a kan sulɓi ya fi sabulu santsi. Tun kankare bai bushe ba a ja tsintsiya a gicciye, ya yi kaushi.

Lokacin da na fi so a yi aikin shi ne tsakanin girbin damina da na rani, kafin zafin Maris da Afrilu. A yi zubi da sassafe. Iskar hunturu tana shanye ruwan kankare da sauri, kankare kuwa da ruwa yake ƙarfi, in ya bushe da wuri sai ya tsattsage. A rufe shi da tsofaffin buhunan algarara ko karan shinkafa, a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana 7 ko fiye. Kada a bar wannan a hannun kowa da kowa, a naɗa mutum ɗaya a taro, a rubuta sunansa. Kada a jibga kaya masu nauyi ko mota ta jingina sai kwana 28 sun cika. Za a sami direba mai gaggawa da zai ce ai ya bushe, ya ma taka da ƙafa ya nuna muku. Ku sare ƙaya ku kewaye wurin tun ranar zubi, ku rubuta ranar buɗewa da gawayi a jikin bango inda kowa zai gani.