Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Asibitocin Koyarwa: A Rubuta Wa Masu Murmurewa Daga Ciwon Daji Motsa Jiki

Zuwa ga shugabannin asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri, Gombe da Katsina.

Bayan jinjina kan ɗawainiyar da kuke yi da masu ciwon daji, ina da shawara guda: duk wanda ya kammala tiyata, kemo ko gashin na'ura, kada a sallame shi sai da rubutaccen tsarin motsa jiki daidai ƙarfinsa, kamar yadda ake rubuta masa magani. Kun fi kowa sanin gajiyar da ke biyo bayan wannan jinya, wadda barci ba ya kore ta. A gida kuwa, sai a shimfiɗa wa majinyaci katifa, a hana shi ɗaukar ko da buta, 'yan dubiya suna ta cewa ya huta. Ƙauna ce ke sa haka, amma doguwar kwanciya tana zubar da tsoka, ta raunana zuciya da huhu, gajiyar ta ƙaru.

Hujjar ba ƙarama ba ce. A shekarar 2019 ƙwararrun da Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta tara sun tabbatar cewa motsa jiki matsakaici na minti 30, sau uku a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu, yana rage gajiya da fargaba da ƙuncin rai. Sai kuma a 2025 aka fitar da sakamakon wani bincike da Kanada ta jagoranta kan mutum 889 masu sankarar hanji da suka gama kemo. An haɗa rabinsu da mai horarwa tsawon shekara uku, akasarinsu tafiyar ƙafa da sauri kawai suka zaɓa. Sauran aka ba su takardun wayar da kai. Bayan shekara takwas, kusan kashi 90 cikin 100 na masu atisayen suna raye, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 83. Abin lura shi ne, takarda kaɗai ba ta wadatar ba, bibiya ce ta kawo bambancin.

Za a ce jiki mai rauni bai kamata a wahalar da shi ba. Haɗarin gaskiya ne ga wanda cutar ta taɓa ƙashinsa, ko jininsa ya yi ƙasa sosai, ko ƙafafunsa suka yi sanyi saboda kemo, kuma shi ya sa ma'aikacin lafiya ne ya dace ya tsara abin, kada a bar wa majinyaci ya yi da ka. Hatta matan da aka yi wa aikin sankarar mama, waɗanda aka daɗe ana hana su ɗaga kaya don tsoron kumburin hannu, binciken Jami'ar Pennsylvania na 2009 ya nuna ɗaga nauyi sannu a hankali bisa kulawa bai ƙara musu kumburin ba. Za a kuma ce injinan gashi ma ba su ishe mu ba, balle wannan. To ai wannan ba ya buƙatar inji ko dala. Likitocin gashin ƙashi suna nan a asibitocinku, Jami'ar Bayero da ta Maiduguri suna yaye su. Dattijo zai iya fara da tattaki zuwa masallaci bayan rana ta yi sanyi, uwargida ta zagaya tsakar gida minti goma da hantsi, ta yi tashi-zauna a kan kujera, a ƙara kaɗan duk mako.

Don haka ina roƙonku ku sanya likitan gashin ƙashi a kowane sashen masu ciwon daji, a rubuta tsarin da Hausa da Ajami, a yi wa mai jinya bayani tare da majinyacin, tunda mai jinyar ne ke hana ko ya bari, sannan a tambayi yadda atisayen ke tafiya duk ranar da aka dawo ganin likita. Wannan yana hannunku, kuma za ku iya fara shi a wannan watan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya yi muku jagora.