Ƙananan Abubuwan da ke Riƙe da Manya

Masu iya magana sun ce kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Da wuya a sami inda wannan karin magana ya fi dacewa kamar a kan maɓalli da ƙusa da noti da zif da mazagi, wato kayan da aikinsu shi ne haɗa abu biyu su zauna wuri guda. Ba a yaba su idan suna aiki, sai ranar da suka kuskure ake tuna da su. Wannan raini yana da tsada, kuma malamin makaranta yana cikin waɗanda ya kamata su kawar da shi.

Da farko ya kyautu a san cewa kowane ɗaya daga cikin kayan nan yana da hanyarsa ta riƙo. Ƙusa tana raba naman katako idan an buga ta, shi kuma katakon ya matse ta ta kowane gefe, wannan matsi shi ne ƙarfinta. Sukuru da noti sun dogara ne da zanen da ya kewaye jikinsu kamar an naɗa zare, wanda ke mayar da murɗawa ta zama ja, har ƙarfe ya manne da ƙarfe. Maɓalli kuwa yana shiga kafarsa a kaikaice, ya kwanta a kwance, sai ya fi ƙarfin ramin da ya shigo ta ciki. Haƙoran zif suna shiga tsakanin juna ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa haƙori guda idan ya karye sai sauran su biyo shi.

Tarihi ya nuna cewa an yi dogon tunani kafin a kai ga waɗannan dabaru. A shekarar 1841 Joseph Whitworth ya kawo tsarin daidaita zanen noti a Ingila, domin kafin nan kowace masana'anta da irin nata, notin wannan ba ya shiga ƙarfen waccan. A 1849 Walter Hunt ya yi rajistar fil mai murfi a Amurka, kuma a can ne Gideon Sundback ya gyara zif a 1913 ya zama kusan yadda yake a yau. Shi kuwa George de Mestral na ƙasar Suwizalan, a 1941 ya lura da 'ya'yan wata ciyawa da suka maƙale wa tufafinsa da gashin karensa, ya duba su da madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ƙugiyoyi. Daga nan aka sami Velcro, mannin da ke jikin takalman yara. Ɗan ƙasar Hausa bai rasa irin wannan ciyawa ba, don ƙarangiya ta daɗe tana kama masa wando a gona. Abin da ya rage shi ne a koya masa tsayawa ya tambayi yadda take yin haka.

Illar raina kayan nan ta fi bayyana a farkon damina, lokacin da guguwa ke yaye rufin ajujuwa a garuruwa da ƙauyuka. Iska idan ta ratsa saman kwano da ƙarfi takan ɗaga shi sama, abin da ke hana shi tashi kuwa shi ne ƙusa da kuma langa-langar da ta ɗaure katako da bango. Idan an rage yawan ƙusoshi don a tsimi kuɗi, ko an buga su a ɗanyen katako wanda zai bushe ya sake su, to an riga an sayar da rufin. Yara su koma gindin bishiya, littattafai su jiƙe, kuɗin gyara ya ninka abin da aka yi rowarsa. Haka ma notin tayar mota da aka bari bai ɗauru ba, rayukan fasinjoji ne ke rataye a kansa.

Wani zai ce wannan aikin kafinta ne da makanike, ba na malamin Hausa ba. Amma harshen kansa ya riga ya rarrabe hanyoyin riƙo dalla-dalla. Akwai ɗaurewa da ƙullewa, akwai ɗinkewa da liƙewa, akwai kafewa da maƙalewa da saƙalewa, kuma babu ɗaya da ke zama a madadin ɗaya. Bahaushe yana ɗaure jinka da igiyar rama ko ta kaba, ya zura mazagi a wando, ya kafa turke, tun kafin zif da noti su iso. Da baƙin kayan suka zo, harshen ya karɓi sunayensu ya lanƙwasa su, aka sami sukuru da sifana da washa. Darasi guda a kan wannan ya haɗa aikatau da kalmomin aro da kimiyyar yau da kullum, kuma kayan koyarwarsa suna jikin rigar kowane ɗalibi.

Saboda haka ya dace ɗalibi mai koyon aikin malanta ya shiga aji da ƙusa da noti da tsohon zif, ya sa yara su kwance, su ɗaura, su bayyana abin da suka gani da bakinsu, sa'an nan su rubuta shi da ingantacciyar Hausa. Yaron da ya san dalilin da ya sa washa ke hana kan ƙusa fasa kwano, idan ya girma aka ba shi kula da ginin makarantar garinsu, zai ƙirga ƙusoshi kafin ya sa hannu a takardar biyan kuɗi.