Har Yaushe Za Mu Zama Baƙin Teku?

Daga Batterie IV zuwa bakin teku tafiyar ƙafa ce, amma mu Hausawan Libreville mun mai da gaɓar nan tamkar wata ƙasa mai nisa. Mun san lungunan kasuwar Mont-Bouët, mun san farashin siminti da kuɗin tifar yashi. Mutum nawa a cikinmu ya taɓa shiga jirgin ruwa ya tsallaka Pointe Denis, ya kai 'ya'yansa gandun Pongara?

Da zarar an tayar da zancen, sai ka ji an ce wannan shagalin Turawa ne da masu hannu da shuni. Wannan hujja ba ta da ƙafa. A 2002 marigayi Omar Bongo ya keɓe gandayen ƙasa 13, biyu daga ciki, Akanda da Pongara, suna maƙwabtaka da birnin nan. A rairayin Pongara manyan kunkurun teku ke fitowa da dare, musamman tsakanin Nuwamba da Fabrairu, su haƙa rami su binne ƙwai. Mutane na biyan kuɗin jirgin sama daga Faransa domin ganin abin da ke ƙofar gidanmu. A hanyar Cap Estérias kuma ga dajin da aka sa wa sunan André Raponda-Walker, masanin da ya rubuta littafi kan tsirran Gabon masu amfani, inda jagorori ke nuna wa yaro sunan kowace bishiya da aikinta.

Abin takaicin shi ne, babu wanda ya kamata ya fi mu sanin yashi. A gabashin Nijar, wajen Mainé-Soroa, tudun yashi na tafiya yana binne gonaki, manoma na kafa shinge suna dasa itace don tsayar da shi. A can yashi maƙiyi ne, a nan kuwa shi ne katangar da ke tsakanin igiyar ruwa da gidaje. Duk tifar da aka ɗebo daga gaɓa, wani ɓangare na katangar aka rushe. Wanda ya saya don arha bai tambayi inda aka haƙo ba, da hannunsa a ɓarnar. Ledar da muka bari bayan shaƙatawar Lahadi kuwa, kunkuru na haɗiye ta a zaton abinci, ta kashe shi.

Kullum muna jin zafi idan an kira mu baƙi, alhali an haifi 'ya'yanmu a nan. To, baƙo raɓa ne, shi ya sa bai damu da abin da zai bari ba. Ɗan gida shi ke tsare gida.

Saboda haka muna kira ga malaman Islamiyyunmu da shugabannin ƙungiyoyinmu: kuɗin da ake haɗawa don walimar sauka, a ware wani abu a kai ɗalibai Pongara sau ɗaya a shekara. Magina da masu gini kuma su riƙa tambayar asalin yashi kafin su biya. Amanar ƙasa ba ta tsaya a ƙofar masallaci ba.