Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

A wannan wata na yi niyyar ci gaba da maganar kuɗin jarrabawar yara da muka faro, sai ga wani saƙo daga Amurka wanda ya sa tilas na jingine waccan magana sai fitowa ta gaba.

Mai saƙon wani tsohon ɗalibina ne, ɗan zangon nan namu na Tamale, wanda yau shekararsa tara yana tuƙin babbar mota a jihar Kolorado. Bayan gaisuwa ya ce: "Malam, na tara ɗan abin da Allah ya hore mini, ina so in kafa wata sana'a a gida. Na ga wani ɗaki da mutanen nan suke ɗorawa a bayan akori-kura su shiga daji da shi su kwana. Ina so in sayi ɗakin da motar in auno su ta Tema, ƙanena ya riƙa ba masu yawon buɗe ido haya zuwa Mole. Me ka gani?" Ya kuma haɗo da hotuna. Da yake na san ba shi kaɗai ne cikin 'ya'yanmu na waje yake irin wannan tunani ba, sai na nemi izininsa in ba da amsar a nan.

Bari in fara bayyana abin ga wanda bai taɓa ganinsa ba. Akwati ne babba, galibi na alminiyam, wanda ake zurawa a bodin akori-kura a ɗaure shi da ƙugiyoyi huɗu. In ana tafiya rufinsa a kwance yake, bai fi kan motar tsawo da yawa ba. In an sauka sai a kwance maƙallan da ke gefe, mutum ya shiga ya tura rufin sama, sai bango na tamfol mai tagogin gidan sauro ya miƙe tsakanin akwatin da rufin. Nan take dogon mutum zai tsaya a ciki ba tare da ya sunkuya ba. Gado yana bisa kan direba, a ƙasa kuwa akwai benci, da murhun gas, da ɗan firji, da tankin ruwa. Wato dai tafi-da-gidanka na sosai. Wani kamfani mai suna Four Wheel Campers ya fara ƙera irinsa a Kolorado a 1972, yanzu kuma yana garin Woodland a Kalifoniya. Akwai wasu kamar Hallmark da Northstar da Palomino. Akwai kuma wani samfuri dabam, Alaskan, wanda ya girme su, shi ma rufinsa yana tashi amma bangonsa ba na tamfol ba ne. Ɗalibina mai tamfol yake so, a kansa kuma za mu tsaya.

Ni ban mallaki ko keken hawa mai kyau ba, balle irin wannan. To amma Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, saboda haka abin da zan kawo a nan daga bakin masu shi ne. Na karanta abin da da yawansu suka rubuta, sa'an nan a Disamban 2023 da muka kai yara ziyara gandun dajin Mole na tarar da wani dattijo Bakanade da uwargidansa sun yi zango da irin wannan mota. Muka sha shayi tare, suka buɗe mini ko'ina na duba.

Abin da masu shi suka fi yabo shi ne rashin nauyi da rashin tsawo. Ɗaki mai bangon katako ko roba yana tsaye ƙiƙam a bayan mota, iska tana dukansa, mai yana ƙonewa, in an sha kwana kuma motar ta riƙa rangaji kamar jakin da aka yi wa lodi gefe guda. Mai tamfol kuwa da yake a naɗe yake, yana bi ta ƙarƙashin rassan itace, yana shiga hanyar da manyan motocin kwana ba sa shiga. Dattijon nan ya ce abin da ya sa ya zaɓe shi ma shi ne yana shiga kwantena. Ƙofar kwantena ta yau da kullum tsawonta wajen mita 2.3 ne, doguwar kuwa wajen mita 2.6, don haka ya rufe motarsa ciki ya sa kwaɗo aka haye teku da ita. Game da ƙwari kuma ba a magana: a 1996 wasu ma'aurata 'yan Amurka, Gary da Monika Wescott, sun ratsa ƙasar Rasha ta Saiberiya da irin wannan ɗaki a bayan motar Ford, wani ɓangare na tafiyar ma a tsakiyar sanyi. Abu na uku shi ne iska. Tagogi sun kewaye gadon ta ko'ina, in an zuge su sai ka ce a tsakar gida kake kwance, ga shi kuma kana sama, maciji da kunama ba su kai gare ka.

To, ga inda yake yoyo.

Na farko raɓa. Ba ruwan sama ba, a'a, ruwan da ke fita daga numfashin masu barci da tururin girki. Mu da muka koyar da kimiyya a aji mun san cewa kilo 1 na gas in ya ƙone yana sakin ruwa fiye da kilo 1 da rabi cikin iska. Da dare ya yi sanyi sai wannan ruwa ya kwanta a jikin tamfol da ƙarafan rufi, da asuba ya riƙa ɗiga a fuskar mutum. Uwargidan dattijon ta ɗaga mini katifa ta nuna mini wata shimfiɗa mai ramuka da suka sa a ƙasa don iska ta ratsa, ta ce kafin su sa ta sai da katifa guda ta yi baƙi. Maganin abin shi ne a bar taga a buɗe ko da ana jin sanyi, a kuma goge bango da tsumma kowace safiya. Barin tagar ma ba don raɓa kaɗai ba ne: murhu a rufaffen wuri yana fitar da iskar nan mai guba marar wari, irin wadda gawayi ke fitarwa in an kwana da shi a ɗaki.

Na biyu, kuma shi ne babba, tamfol ba ya yafe wa wanda ya naɗe shi a jiƙe. In ruwa ya doke ka da dare kuma dole ka kama hanya da safe, to wajibi ne da ka isa inda za ka ka sake ɗaga rufin ya sha iska. In ka manta kwana kaɗan, fumfuna ta kama, warinta kuwa ba ya fita da sauƙi. Wajen saukar da rufin ma sai an bi a hankali an tura tamfol ɗin ciki, in ba haka ba ƙarfe ya cije shi ya huda. Wasu sukan rufe ƙofa su kunna fankar rufi don ta zuƙo shi ciki. Sa'an nan a zagaya a ƙirga maƙallai ɗaya bayan ɗaya, domin masu shi da dama sun ba da labarin yadda suka manta na gaba, suna cikin gudu iska ta ɗaga musu rufi.

Na uku, tamfol tamfol ne. Ba ya tare sanyi sosai, ba ya tare zafi, ba ya tare ƙara. In iska ta taso yakan yi ta faɗa-faɗa har gari ya waye, in maƙwabci ya yi tari kana ji. Ba ya kuma tare dabba mai ƙarfi. A gandun Yellowstone na Amurka akwai masauki mai suna Fishing Bridge inda ba a yarda a kwana a tanti ko ɗaki mai bangon tamfol ba, saboda beyar, wata ƙatuwar dabba mai farata da ke bin ƙanshin abinci. Mu ba mu da beyar, amma duk wanda ya je Mole ya san aikin birai a wurin. A gabana wani gwaggon biri ya fizge burodi daga hannun ɗalibata. Gidan sauro ba zai hana shi shiga ba. Ƙananan samfurin kuma yawanci ba su da makewayi, wanka a waje ake yi da ɗan famfo. Ga Musulmi mai buta wannan ba sabon abu ba ne, amma baƙon da ya biya kuɗi mai yawa zai tambaya.

Na huɗu nauyi, a nan kuma sai ɗana ya ɗauko alli mu yi lissafi kamar dā. Mai sayarwa zai ce maka ɗakin kilo 450 ne. Gaskiya ne, amma babu komai a ciki. Zuba ruwa lita 75, ka ƙara kilo 75. Mutum biyu, kilo 150. Tukunyar gas, da batir, da farantin sola, da abinci, da kayan gyara, a ƙalla kilo 100. Jimla 775. Motar da ka aiko mini hotonta, Toyota Tacoma mai ƙofa huɗu, da yawa daga cikinsu abin da aka yarda su ɗauka, har da direba, bai wuce kilo 500 zuwa 550 ba. Adadin yana rubuce a wata takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, je ka duba da idonka. Masu shi sukan ƙara sifirin su sa taya mai ƙwari, motar ta daina zama da gindi, amma wannan bai ƙara wa birki ƙarfi ba. Mu da muke ganin abin da lodi ke yi a hanyar Kintampo ba ma bukatar a yi mana wa'azi a kan haka. Kakanninmu fatake da suka yi ta sauka a Salaga sayen goro, har kalmar zango ta zama sunan unguwanninmu, sun san cewa jakin da aka yi wa adalci wajen kaya shi ke kai wa Kano.

Yanzu a ɗauko duk wannan a kawo shi ƙasarmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu abin zai yi daɗi ƙwarai, sai dai ƙurar hunturu tana cin zif, tana kuma shiga ta kowace kafa. A Maris da Afrilu zafin arewa yana haura digiri 40, akwatin ƙarfe kuwa a rana tanda ne. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce, baƙi sun ragu, ɗakin yana ajiye, kuma ko a ajiyen sai an riƙa ɗaga shi yana shan iska. Ranarmu ma tana busar da roba da tamfol fiye da tasu. Abin da ya sauƙaƙa shi ne gyara: masu walda da masu ɗinkin tamfol na Magazin ta Suame a Kumasi ba abin da zai gagare su a jikinsa, in ban da na'urorin lantarki da sai an auno. Sitiyarin motocin Amurka kuma a hagu yake, ya dace da hannun da muke bi tun 1974.

To ɗana, ga abin da na gani. Duk wanda na ji yana yabon wannan ɗaki, za ka tarar shi ne mai shi, shi ke kwana ciki, shi ke goge raɓa, shi ke shanya tamfol, shi ke ƙirga maƙallai. Dattijon nan na ga yadda yake shafa ɗinkin tagoginsa da yatsa kamar mai duba ƙafar doki. Ɗan haya ba zai yi haka ba. Ya biya kuɗin kwana uku, jirginsa na jiransa a Akara, zai naɗe shi a jiƙe ya miƙa makulli ya yi gaba. Abin da aka ƙera don mai shi ya lallaɓa, kai kana so ka sa shi a hannun mutum hamsin a shekara, kana can nesa, ƙanenka kuma bai taɓa kwana cikinsa ba. Nan ne gumin shekara tara zai iya zubewa.

Ban ce ka fasa ba, na ce ka bi a sannu. Da farko ka nemi haya ko aron irinsa a can Kolorado, ka kwana uku a ciki, ɗaya daga ciki a daren ruwa, gani ya kori ji. Na biyu, kafin ka biya ko dala ɗaya ka sa a tambayo maka kuɗin jirgi da kuɗin fito na kwastan a rubuce, domin sau da yawa a tasha ake sanin ainihin farashin mota. Na uku, ka yi tunanin auno ɗakin kaɗai, ko da na hannu ne, a ɗora shi kan Hilux ta nan gida wadda kowane makanike ya san cikinta, bayan an auna faɗi da tsawon bodinta da abin da take iya ɗauka. In na hannu ne, ka ɗaga katifa ka sansana, ka danna kusurwoyin rufi ka ji ko sun yi laushi, ka shiga ciki da rana ka rufe ƙofa ka ga ko haske na shigowa ta tamfol. Na huɗu, kada a ba kowa makulli ya tafi shi kaɗai. Ƙanenka ya zama direba kuma mai kula, a yi hayar mota da mutum tare. Na ƙarshe, kada ka zuba duk abin da ka tara. Ka bar rabi, domin mahaifiyarka har yanzu a gidan haya take.

Ga sauran 'ya'yanmu da ke waje, wannan magana ba ta ɗakin mota kaɗai ba ce. Kafin ku auno injin ko wata na'ura da kuka ga tana aiki a can, ku tambayi wanda ya shekara biyar da ita, ba mai sayar da ita ba, ku kuma tambayi kanku wa zai kula da ita a nan.

Wanda yake da ƙarin sani a kan wannan, musamman direbobinmu masu kai baƙi Mole da Paga, ya rubuto ta hannun edita, fili a buɗe yake. Allah ya tsare mana dukiyar 'ya'yanmu, ya dawo mana da su lafiya, amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan maganar kuɗin jarrabawa.