Aikin Nesa: A Yi Lissafi Tukuna

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma wannan mako. Wani ƙanena a Ƙofar Ƙaura, shekararsa biyu ba aiki, ya zo neman shawara. Wai zai sayar da gonar da ya gāda ya sayi kwamfuta, ya riƙa yi wa mutanen Ingila aiki daga ɗakinsa ta intanet.

Na ce mu yi lissafi. Kwamfuta sau ɗaya ake saye, amma data kowane wata ce, ga shi a 2025 hukumar NCC ta yarda a ƙara kuɗinta har kashi 50 cikin 100. Sai wuta: in an ɗauke, ko sola, ko janareta, fetur kuwa ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023. Na huɗu, wanda samari kan manta, watannin da za a yi ana nema kafin kwabo ya shigo.

Don haka na ce ya ƙware tukuna, ya nemi irin shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta buɗe a 2023 don koyar da fasaha kyauta. Ya ari kwamfuta har ranar da wani ya biya shi ladan aikinsa. Wanda duk ya ce sai an ba shi kuɗi kāna ya ba da aiki, macuci ne. Kwamfuta takan tsufa, gona ba ta tsufa.

To, malamai, me kuka gani? Haza wasalam.

Akawu, Katsina.