Durowar Katako a Bayan Hilux: Kuɗin Kafinta ne Mafi Sauƙi

Ƙanena mai haɗa wa mutane wutar sola ya zo mini ranar wata Asabar da waya a hannu, bakinsa har kunne. Bidiyon wani Ba'amurke ne da ya ƙera wa motarsa a-kori-kura dogayen durowoyi biyu na katako a baya. Da yatsa biyu ya ja ɗaya, ta sulalo ko ƙara babu, ga kayan aiki a jere kowanne da gurbinsa kamar jeren amarya. "Yaya," in ji shi, "irin wannan zan sa a yi wa Hilux ɗina. Na gaji da tonon filaya a ƙarƙashin tulin waya." Na ce masa abin ya ƙayatar, amma ya ɗauko biro da takarda tukuna, kada mu yi wa rogo kallon kitse.

Da kilo da santimita muka yi lissafin, domin tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023, farashin da aka faɗa maka a 'Yan Katako na Na'ibawa a wannan wata ba lallai ka same shi a watan gobe ba. Kilo kuwa yana nan inda ka bar shi.

Muka fara da awo. Bayan Hilux mai ƙofa huɗu tsawonsa kusan mita ɗaya da rabi ne, faɗinsa ma haka, zurfinsa kuwa bai cika rabin mita ba, wajen santimita 48. Tudun tayoyin baya sun ci gefe da gefe, abin da ya rage a tsakaninsu kamar santimita 110 ne, kuma a nan durowoyin za su zauna. Ana buƙatar shimfiɗar ƙasa, da bango uku a tsaye, da rufin sama da zai rufe bodin baki ɗaya, sannan durowoyin su kansu. Falankin filawud ƙafa huɗu ne da ƙafa takwas. Wajen uku ne za su shiga jikin aikin, amma huɗu za ka saya, saboda yanka ba ya tashi ba ɓarna. Kuma ba kowane falanki ba. Wanda ake yin kabad ɗin ɗaki da shi, na matsattsen garin katako, ruwa ɗaya zai sha ya kumbura kamar burodi. Sai dai mai jure ruwa, mai kaurin milimita 18, wanda shi ne mai tsada a rumfar.

Bayan katako sai ƙarafunan da durowa ke gudu a kansu. Na durowar tebur ba za su yi ba, don an yi su ne saboda takardu da cokula. Durowa mai tsawon mita ɗaya da santimita 40 cike da ƙarfe tana son masu kauri, masu boris a ciki, waɗanda ke buɗewa har ƙarshe su kuma kulle kansu. Daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma saiti biyu kake so. Ƙara da gam, da noti, da fenti, da hannuwa, da makulli. Sai ladan kafinta, wanda da muka je wurinsa ya kalli bidiyon sau biyu ya ce, "Maigida, zan yi, amma motar za ta kwana biyu ko uku a nan, don sai ina gwadawa ina gyarawa." Kwana ukun da mota ba ta fita aiki ba su ma kuɗi ne, ko da yake ba wanda ke rubuta su a rasit.

Duk wannan sau ɗaya ake biya. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake biya kullum.

Falanki ɗaya mai kaurin nan yana kai kilo 30 ko ya ɗara. Uku sun zama 90, ƙarafuna da noti su cike sama da kilo 100. Buhun siminti biyu ke nan, ko buhun masara guda, a ɗaure a bayan mota dare da rana, tun ba ka sa ko sukundireba a ciki ba. Abin da motar ke iya ɗauka gaba ɗaya wajen tan ɗaya ne, har da direba da fasinjoji, ka ga kashi ɗaya cikin goma ya tafi. Wannan nauyi yana shan mai kaɗan-kaɗan, yana cin taya da birki da sifirin. A tafiya ɗaya ba za ka ji ba, a shekara makanike zai gaya maka.

Sai wuri. Durowoyin da rufinsu za su ci santimita 30 daga zurfin bodi. Muka buga, sararin da suka mamaye ya kai kimanin lita 600, wato duro uku. Amma in ka cire kaurin katako da gurbin ƙarafuna, cikin kowace durowa faɗinsa santimita 45 ne, zurfinsa 22, su biyun a haɗe ba su wuce lita 280 ba. Ka ba da wurin duro uku, an mayar maka da ɗaya da ɗan ɗori. Ana iya yi wa lungunan gefen taya marfi a cusa igiya da tsumma, amma ba su rufe wannan giɓi.

A nan na tambaye shi, "Batirin da kake kai wa mutane fa, ina zai shiga?" Ya yi shiru. Babban batirin sola yana kai kilo 60, kuma irin dogon nan ya fi zurfin durowar nesa ba kusa ba. Dole a sama zai zauna, inda bangon bodin da ya rage bai kai taƙi ɗaya ba. A da bangon ne ke tare kaya in an sha kwana, yanzu igiya ce kaɗai. Yaran aiki za su ƙara ɗaga kowane batir da santimita 30, nauyi ya koma sama, mota ta riƙa tangaɗi a hanya mai gargada.

Shi Ba'amurken bai san hunturunmu ba. Bayan a-kori-kura yana zuƙo ƙura ta ramukan marfin baya ko da an rufe da tamfol. Ƙurar ta haɗu da giris ɗin boris ta zama kamar samfefa, durowar da ake ja da yatsa biyu ta koma sai an dafa ƙafa an fizgo. Damina ta zo da nata: ruwa ya shige ƙarƙashin shimfiɗar katako ya kwanta inda rana ba ta kai, tsatsa ta fara cin bodi ba ka gani. Maganin wannan shi ne a yi wa bayan motar rumfa, wadda ita ma kuɗi ce, nauyi ce, kuma daga ranar ka yi sallama da firji da tankin ruwa da duk wani kaya mai tsayi.

Akwai kuma ɗauri. Kilo 100 na katako da wani 100 na kayan aiki ba a ajiye su haka kawai, don ranar da aka taka birki da ƙarfi za su nemi hanyar gaba. Ko a ɗaure su a ƙugiyoyin bodi, ko a huda ƙasan a sa noti. Kowace huda ƙofar tsatsa ce, kuma dillali zai ƙirga ta ranar sayar da mota. Durowar kanta da wuya ta sayu, tun da an yanka ta ne daidai da mota ɗaya. Ga buɗe ta yana son fili a baya fiye da tsawon bodin kansa, abin da ba ka samu a lungun kasuwa inda mai baro ke jiran ka matsa. A shingen bincike kuwa, rufaffen wuri a ƙarƙashin kaya yana jawo tambaya, sai ka sauka ka buɗe.

Na bar mafi girma a ƙarshe, don shi ne bidiyon ba zai taɓa nunawa ba. A gidajenmu mai a-kori-kura ba shi kaɗai ke da ita ba. Da kaka buhunan gona take kwasowa, da Babbar Sallah raguna, ranar biki kayan ɗaki, ranar rasuwa kuma wani lokaci ita ke ɗaukar makara. Ta yaya za ka ɗora rago a kan dandamalin da ba shi da bango? Za ka ce a sauke durowar. To, sai an kwance noti, sai an sami ƙarti uku ko huɗu, sai an sami inda za a ajiye ta, kuma in ta daɗe a ƙasa gara ta yi baƙo. Wanda ya sauke sau biyu, na uku ba ya mayarwa.

Ban ce ba ta da amfani ba. Wanda kayan aikinsa iri ɗaya ne kullum, ƙanana masu tsada, motarsa na da rumfa, yawancin tafiyarsa a kwalta ce, kuma ba mai aron motar, durowa za ta rage masa ɓata lokaci da ɓatan kaya. Motar kamfani ke nan, ba motar gida ba.

Shi dai ƙanena, da muka kai ƙasan takarda, sai ya ce, "Yaya, ashe filaya ɗaya ce ta so ta ja mini duk wannan." Ya je wurin mai walda aka yi masa akwatunan ƙarfe biyu masu hannu, irin waɗanda ake bugawa a Panteka ta Kaduna, da ɗan tire a ciki na ƙananan kaya. Ya jera su a jikin kan mota, ya zarge da sarƙa da kwaɗo. Yaro biyu ke sauke su cikin minti biyu, kuma a Sallar da ta wuce raguna huɗu motar ta kawo gida.

Mai sha'awar durowa, kafin ka je wurin kafinta, rubuta duk abin da bayan motarka ya ɗauka a wata goma sha biyun da suka wuce. In rabinsu ba za su shiga ramin santimita 22 ba, riƙe kuɗinka.