Ba Na'ura Ce Ta Kori Ma'aikatan Kakuri Ba!

Tun da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, 'yan jari-hujja da 'yan korensu suka samu sabuwar waƙa. Wai zamani ya zo da na'ura mai tunani, don haka ma'aikaci ya yi haƙuri ya koma gida. Wato a ɗora wa ƙarfe laifi, azzalumi ya wanke hannunsa.

To, a je Kakuri a Kaduna a tambayi tsofaffin ma'aikatan masaƙa. An kafa KTL a 1957, zamanin Sardauna, ta ciyar da dubban iyalai, aka garƙame ta a 2002. UNTL ma ta rufe a 2007. Wace kwamfuta ce ta shiga Kakuri? Wane mutum-mutumi ya karɓe aikin masaƙi? Babu! Shirin SAP na 1986 ne ya karya darajar naira har kayan gyaran injuna suka gagari saye. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, baƙin mai ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika Kantin Kwari. Ma'aikata da dama sun mutu suna jiran kuɗin sallamarsu.

Ba a musun cewa inji na rage hannu. Amma wa ke cin ribar ragin? A Ingila, a 1811, masaƙa suka riƙa farfasa injuna saboda masu masaƙu sun zaftare musu lada. Gwamnati ta mayar da fasa inji laifin kisa a 1812, ta rataye wasu daga cikinsu a birnin York a 1813. Ta kare ƙarfe, ta halaka ɗan Adam.

Ita kanta na'urar da ake kuri da ita yau, a kan wuyan talaka ta hau. Mujallar Time ta fallasa a 2023 cewa matasa ne a Nairobi suka yi aikin tace ƙazaman rubuce-rubuce domin ChatGPT, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

A shekarar nan ta 2023 marubutan fina-finai na Amurka suka yi yajin aiki na kwana 148, har sai da kamfanoni suka sa hannu a kan iyakar amfani da wannan na'ura a aikinsu. Haɗin kai ne ya ƙwato musu wannan.

Saboda haka ma'aikaci ya daina tsoron inji, ya tambayi mai injin ina ribar take zuwa. Ƙungiyoyin ƙwadago su farka tun kafin a kawo takardar sallama. Matasa su koyi wannan ilimi, kada su zama 'yan kallo. Mahukuntan da suka kasa ba masaƙa wuta kuwa, ba su da bakin cewa zamani ne ya kori talaka daga aiki.